Mastas ko Neman Aiki: Lissafin da Za Ka Yi Kafin Ka Sayi Fom

Ranar da ƙanena ya karɓo takardar gama bautar ƙasa, ko kakin bai tuɓe ba ya same ni a zaure ya ce, "Yaya, an fara sayar da fom ɗin mastas. In saya?" Na tambaye shi abin da yake so ya yi da mastas ɗin. Ya yi jim, can ya ce, "To ai ya fi zama."

Da za a tsare masu sayen fom ɗin nan a ce kowa ya faɗi tsakaninsa da Allah, ina jin amsar da yawansu ke nan. Alawus ɗin naira 77,000 ya tsaya, aiki bai fito ba, 'yan uwa sun fara tambayar "yanzu kuma sai me?" a duk wurin suna da ɗaurin aure. In ka ce kana mastas an rufe maganar, har a sa maka albarka. Ban raina wannan ba, don zaman kashe wando yana cin mutum ta ciki. Sai dai shekara 2 zuwa 3 na ƙuruciya, da kuɗin da za a zuba, sun yi tsada a ce an kashe su don a rufe bakin mutane. Shi ya sa na zaunar da shi muka yi lissafi.

Abu na farko da na nuna masa, mastas iri biyu ne, kuma kowanne da ƙofar da yake buɗewa. Akwai na bincike, su MSc da MA, inda bayan an gama zaman aji za a haɗa ka da malami ka rubuta kundi, ka kare shi gaban malaman sashe, sannan a gayyato wani malamin daga wata jami'a ya sake titsiye ka. Akwai kuma na ma'aikata, irin su MBA na harkar kasuwanci da MPA na aikin mulki, waɗanda akasari ake yi da yamma ko Asabar da Lahadi. Kuɗinsu ya fi yawa, bincikensu bai kai na farkon zurfi ba, kuma an fi gama su a kan lokaci. Matsalar ita ce yawancin jami'o'inmu ba sa karɓar irin na biyun a matsayin tsanin digiri na uku, ba sa kuma ɗaukar lakcara da shi. Na san wani da ya gama MBA da sakamako mai kyau, ya je neman gurbin digiri na uku aka ce masa sai ya koma ya yi MSc daga tushe. Ba wanda ya cuce shi, tambaya ce bai yi ba tun farko. Wanda kuma ya fita da daraja ta uku, ko mai babbar difloma ta HND, galibi sai ya bi ta PGD, difloma ta bayan digiri, tukuna, wato an ƙara masa shekara guda kafin ma ya taka matakin farko.

Ga mai son koyarwa a jami'a babu wata doguwar muhawara. Mai digiri ɗaya, ko da daraja ta ɗaya ya fita da ita, a matsayin ɗan koyo ake ɗaukar sa, da sharaɗin ya kawo mastas cikin ƙayyadadden lokaci. Mai mastas na bincike yana shiga a mataimakin lakcara, kuma ba zai kai babban lakcara ba sai da digiri na uku. A kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha ma, manyan matakai suna bukatarsa. In nan ka dosa, sayi fom tun yau, a Zariya ne ko a Bayero ko Ɗanfodiyo ko Maiduguri. Abu ɗaya kawai zan ƙara: asusun TETFund yana biya wa malaman manyan makarantun gwamnati karatu, amma sai waɗanda suka riga suka zama ma'aikata. Wanda ya samu shiga da digiri ɗaya, an biya masa mastas kuma albashinsa na tafiya. Wanda ke waje shi ke biya daga aljihunsa yana fatan a buɗe ɗaukar aiki. Tun farkon 2025 kuma asusun ya dakatar da tura malamai ƙasashen waje, saboda tsadar canji da kuma waɗanda ke tafiya ba sa dawowa.

A aikin gwamnati ne mutane suka fi ruɗuwa, don haka nan muka fi daɗewa ni da ƙanen nawa. Mai digiri ɗaya yana shiga a mataki na 8. Mai mastas galibi a mataki na 9. In ka tsaya a nan sai ka ga kamar mai mastas ya yi gaba. To ɗauki abokai biyu da suka gama bautar ƙasa rana ɗaya. Na farko ya samu aiki a shekarar, na biyu ya koma makaranta. A waɗannan matakan ana zama jarrabawar ƙarin girma bayan shekara 3. Kafin na biyu ya gama kundi, ya jira a fitar da sakamako, ya samu takardar ɗaukar aiki, na farkon ya isa mataki na 9 ko yana bakin isa. Sun haɗu a mataki ɗaya ke nan, amma ɗaya ya ci albashin shekara 3, kuɗin fanshonsa sun fara taruwa, an tabbatar masa da aikinsa, ya san ofis ofis ya san shi, kuma a jerin girma yana gaban abokinsa. Akwai kuma maganar ritaya: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Wanda ya shiga yana da 25 zai yi shekarunsa 35 cif, wanda ya shiga yana da 28 ya yi 32.

Kuma na farkon bai rasa mastas ba. Bayan an tabbatar da shi yana iya neman hutun ƙaro karatu, ko ya yi na ƙarshen mako yana aikinsa, ko ya bi ta jami'ar karatu daga gida ta NOUN, ko cibiyar karatu daga nesa ta ABU. A lokacin ya ga irin ilimin da aikinsa ke bukata, ba zai zaɓi fanni da ka ba. Sai dai ya kiyaye abu biyu. Ya nemi izini a rubuce kafin ya fara, don in ya yi gaban kansa yana iya kawo kwalin a ƙi sa shi a fayil. Kada kuma ya ɗauka ranar da ya kawo kwalin za a ɗaga shi mataki. Yakan ƙara masa maki a wurin tantancewa, yakan sa a tuna da shi in ana neman wanda za a ba wani sashe, amma jarrabawa da gurbi da shekaru suna nan yadda suke.

Na san abin da mai karatu zai ce, don ƙanena ma ya faɗa: "Yaya, ai duk wannan in aikin ya samu ne." Gaskiya ne. Aikin gwamnati bai cika fitowa fili ba, in ya fito ma dubbai ne ke bin gurbi kaɗan, kuma kowa ya san ana maganar hanya da wa ka sani. Amma a nan ma sai a tambaya, mastas ɗin zai magance wannan? Wanda aka hana aiki don ba shi da kowa, ba za a ba shi don ya ƙara kwali ba.

Bankuna da manyan kamfanoni kuwa wani lissafin ne daban, kuma shi ya fi tsananta wa mai jinkiri. In suna ɗaukar sabbin masu digiri don horarwa, sukan sa iyakar shekaru, galibi 26 ko 27. Ɗalibin jami'ar gwamnati ya riga ya yi asarar lokaci: yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata 9, na 2022 ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya gama bautar ƙasa yana da 25 ya shiga mastas, kafin ya fito ƙofar nan ta rufe, kuma mastas ba ya sa a ɗaga masa ƙafa. A irin waɗannan wurare takardar ƙwarewa ta sana'a ta fi magana. Akanta mai takardar ICAN ko ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, yana da ikon da mai MSc a fannin ba shi da shi, don akwai takardun da sai shi zai sa musu hannu. Injiniya yana bukatar rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN, malamin makaranta ta hukumar malamai ta TRCN. Likita da ke son zama ƙwararre hanyarsa horon asibitin koyarwa ne da jarrabawar kwalejojin ƙwararrun likitoci, na ƙasa ko na Afirka ta Yamma. Mai harkar kwamfuta da manhaja kuwa, abin da ya gina za a ce ya nuna, da wuya a tambaye shi kundinsa. Waɗannan jarrabawowin ba su da sauƙi, na ga waɗanda suka zauna wani matakin ICAN sau uku, amma ana yin su ana aiki, kuma yajin aiki ba ya taɓa su.

MBA yana da daɗi ga wanda ya yi shekara 5 ko 7 yana aiki, ya riƙe mutane, ya taɓa yin asara. Shi in malami ya kawo misali, abin da ya faru da shi jiya yake gani. Rabin ribarsa ma a wajen abokan aji take: manajan banki, jami'in kwastan, mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, duk a benci ɗaya. Yaron da bai taɓa karɓar albashi ba in ya shiga cikinsu, haddace littafi zai yi ya fito.

Inda na ga mastas yana tasiri sosai bayan jami'a shi ne ƙungiyoyin agaji da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, irin waɗanda suka cika Maiduguri da Damaturu da Yola. Manyan gurabensu sukan nemi digiri na biyu, musamman a lafiyar al'umma, abinci mai gina jiki, ƙididdiga da nazarin ci gaba. Amma a karanta tallar har ƙasa. Sau da yawa za ka ga an rubuta cewa digiri ɗaya da ƙarin shekara 2 na gogewa yana iya maye gurbin mastas, alhali da wuya ka ga an ce mastas zai maye gurbin gogewa gaba ɗaya. Ga shi kuma tun farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta datse kuɗin hukumar USAID, ayyuka da dama sun rufe, ƙwararrun da suka yi shekaru a fagen ma suna neman gurbi. Sabon mai mastas da su zai yi gogayya.

Sai maganar lokaci da kuɗi a gida, wadda takardar talla ba ta faɗa. A rubuce, mastas na cikakken lokaci wata 18 ne zuwa shekara 2. Zaman aji yakan tafi daidai. A kundi ne tafiya ke zama ta hawainiya. Nawa babi na uku sai da ya yi wata 4 a teburin malamin da ke duba ni, kuma ban iya jin haushinsa sosai ba, don na ga tarin kundayen da ke gabansa, ga 'yan digirin farko cike da aji, ga taron sashe. Bayan shi akwai jiran ranar karewa ta cikin gida, jiran malamin waje, gyare-gyare, jiran majalisar jami'a ta amince da sakamako. Kuɗin rajista ma shi ne ƙaramin abu. Akwai kuɗin mota, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, akwai buga takardu da ɗaure su, akwai zuwa tattara bayanai. Ɗan kimiyya kuwa sau da yawa shi zai sayi sinadaransa, ya biya a yi masa gwaji a wani ɗakin binciken. Kowane zango da ka ƙara, sabuwar rajista ce.

Fita waje tana gajarta lokaci, don a Ingila shekara guda ake yi a gama. Amma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, fam ɗin Ingila ya kai kusan 2,000. Kwas ɗin fam 15,000, wanda a can matsakaici ne, ya zama kusan naira miliyan 30, ba a sa haya da abinci da jirgi ba, ba a sa harajin lafiya na fam 776 a shekara ba. A 2024 an ga ɗaliban Nijeriya da wata jami'a a can ta dakatar saboda kuɗin da suka tanada sun narke a hannunsu kafin su gama biya. Daga Janairun 2024 kuma an hana masu irin wannan mastas tafiya da iyali. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, amma sai ka ajiye kusan yuro 12,000 a asusu na musamman kafin a ba ka biza. Masu waiwayar wurare masu sauƙi su ma su buɗe ido. Mun ga yadda aka kwaso ɗalibanmu daga Sudan da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, mun kuma ga gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance kwalayen jamhuriyar Benin da Togo a farkon 2024. Kafin ka biya ko sisi, tabbatar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya za ta amince da kwalin makarantar.

Ra'ayina a nan a fili yake: kada a sayar da gona ko gidan gado don mastas na waje. In tallafi ne, wannan wata magana ce, a bi shi da gudu. Akwai Chevening da Commonwealth na Birtaniya, DAAD na Jamus, Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, da PTDF ga masu fannin man fetur da makamashi. Gwamnatin Kano ta tura ɗalibai 501 waje a zamanin Kwankwaso, aka sake farfaɗo da shirin a 2023 da guraben 1,001 ga masu daraja ta ɗaya, kuma da dama daga cikin 'yan rukunin farko sun dawo sun kama koyarwa. Amma dubi sharaɗin Chevening: sai kana da gogewar aiki ta aƙalla shekara 2, kuma sai ka dawo gida ka yi shekara 2 bayan ka gama. Yawancin tallafin DAAD na fannonin ci gaba ma shekara 2 na aiki suke nema. Su kansu masu ba da kuɗin sun fi son wanda ya taɓa aiki, wanda zai iya rubuta musu matsalar da ya gani da idonsa.

To wanda bai samu aikin ba fa, kamar ƙanena? Shi zaɓinsa tsakanin mastas ne da zama, kuma a nan nakan sassauta. In jami'a tana garinku, kana kwana a gida, kana da abin da ke shigo maka da ɗan kuɗi, ko koyarwa ce a makarantar kuɗi, ko shago, ko ɗinki, ko noman rani, kuma za ka iya ambata gurbin da kake hari da kwalin, to yi. Abin da nake gudar wa mutum shi ne ya zauna ba ya komai sai mastas, mahaifi na biya, ya fito yana da shekara 29 takardarsa ba ta nuna ya taɓa aiki ko na wata 6 ba. Irin wannan ƙaramin aiki yana jin ya fi ƙarfinsa, masu ƙaramin aikin ma suna tsoron ɗaukar sa don sun san ba zai zauna ba, babban aiki kuma gogewa yake nema. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Da 'yar ƙanwar mahaifiyarmu ta kawo mini irin wannan tambayar, amsar da na ba ta daban ce. Ta karanta ilimin ƙananan halittu, ta fita da sakamako mai kyau, tun tana aji uku take cewa koyarwa take so, kuma an sa ranar aurenta. Na ce ta sayi fom, ta kuma sa a yi maganar karatun a fili tsakanin iyaye tun kafin ɗaurin aure, kada a bar shi a alkawarin zance. Na ga mata da yawa da suka gama zaman aji da maki mai kyau, kundi ya tsaya saboda goyo da hidimar gida, har wa'adin rajistarsu ya ƙare. Na kuma ga waɗanda suka kare kundi da jariri a bayan ƙanwa a ƙofar ɗakin taro. Abin da ya raba su galibi shi ne wanda ke riƙe musu gida ranar da malami ya ce a zo. Ita hanyar da ta zaɓa ba ta biyuwa sai da mastas, kuma lokacin da take da shi yanzu ba lallai ta sake samun irinsa ba nan da shekara 5.

Shi kuwa ƙanena lissafin kuɗi ya karanta, shekararsa 25, kuma da na ce ya ambata gurbi ɗaya da yake hari wanda sai da mastas, bai iya ba. Na ce ya buɗe tallace-tallacen aiki guda goma na fanninsa ya ƙirga nawa ne suka nemi mastas, nawa suka nemi ICAN. Washegari ya dawo da wayarsa a hannu yana dariya. Yanzu yana riƙe wa wani ɗan kasuwa littafin shige da fice a Kantin Kwari, da dare yana karatun jarrabawar ICAN. Hajiya dai har yanzu ba ta gamsu ba. Ran nan ta ce mini, "Ɗan maƙwabta fa an ce ya kusa zama dakta, kai ka hana ɗan uwanka." Na ce, "Hajiya, ban hana shi ba, fom ɗin duk shekara ake sayarwa." Ta ce, "Allah ya sa," ta ci gaba da tsince shinkafarta.